Manomin da Bai San Aikinsa Ba

Litinin, 2 ga Oktoba

An gama girbi. Ƙugu kamar ba nawa ba.

Yau aka duba shinkafa a rumbun ƙungiyar manoma. Mai dubawa ya soka ƙarfensa a buhuna, ya zuba ƙwayoyin a baƙin faranti, ya daɗe yana kallo. Sannan ya buga hatimi: daraja ta biyu. Shekara arba'in da ɗaya ina noma a kwarin nan, ban taɓa ganin wannan hatimin a jikin buhun gidanmu na Meguro ba. Wai zafin bana ne, ƙwayoyin suka yi fari a ciki kamar alli. Wai kowa ma haka ya samu. Ina ruwana da kowa?

Ban gaya wa Sumie ba. Ta sani. Shekara talatin da takwas da aure, daga yadda na cire takalmi take gane labari.

Laraba, 4 ga Oktoba

Na aika wa Chizuru buhunta zuwa Tokyo, kamar kowace shekara. 'Ya ɗaya gare ni, ba za ta ci shinkafar kanti ba ina raye. Bana ban sa wasiƙa a ciki ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Chizuru ta bugo waya muna cin abinci. Uwarta ta ɗora wayar a tebur don mu ji tare.

"Baba, akwai wanda nake so ku gani."

Na ce likita ne? Ta ce a'a. Sunansa Ushio Wataru, shekararsa talatin da bakwai, shi da mahaifiyarsa suke riƙe da gidan abinci a unguwar Asakusa, can Tokyo. Na ce me yake dafawa? Ta ce kamameshi.

Na ajiye tsinken cin abinci.

Kamameshi! A ɗauki shinkafa, a zuba ta a 'yar tukunyar ƙarfe, a rina ta da miyar waken soya, a jibga mata kaza da jatan lande da laimar kwaɗi da duk abin da aka tsinta a kicin, a ce an yi girki. Ni ban taɓa ci ba, kuma ba sai na ci ba. Shinkafar kirki ruwa take so da wuta, sai ɗan gishiri in mutum ya matsu. Duk wanda ya lulluɓe shinkafa da tarkace, akwai abin da yake ɓoyewa. Haka na gaya mata.

Ta ce, "Baba, ko sannu ba ka yi masa ba tukuna."

Sumie ta ce, "Rabu da shi, ƙugu ne ke damunsa."

Asabar, 7 ga Oktoba

Sumie tana 'yan waƙe-waƙe a kicin. Ashe tun watan Mayu ta san da maganar. A gidan nan ni da kyanwa ne muke jin labari a ƙarshe, kuma ina zargin kyanwar ta riga ni.

Litinin, 9 ga Oktoba

Na yanke shawara. Zan je in gani da idona, ba tare da kowa ya sani ba. Mutum in ya san surukinsa ne ke zuwa, sai ya share har ƙarƙashin tabarma. Ni ina so in same shi yadda yake.

Na ce wa Sumie jibi zan je birnin Nagaoka kallon sababbin injunan noma. Ta ce to.

Laraba, 11 ga Oktoba

A jirgin ƙasa nake rubuta wannan, a hanyar komawa, kafin in manta.

Da safe Sumie ta miƙo mini laima. Ta ce, "An ce za a yi ruwa a Tokyo." Na ce Nagaoka zan je. Ta ce, "Eh, can ma."

Na shirya sosai: takunkumi, hula, da baƙin tabaran Sumie da na ɗauko a aljihun mota. A madubin tasha ni kaina ban gane kaina ba.

Sau biyu na ɓata a lungunan Asakusa. Wurin ƙarami ne, kujera takwas a gaban kanta, tebur biyu a gefe. Wata tsohuwa 'yar ƙarama, mai murya kamar ƙararrawa, ta tarbe ni. Uwar Wataru ke nan. Ta kalle ni daga hula har takalmi, ta zaunar da ni a kujerar tsakiya, daidai gaban murhu. Na ji daɗi, daga nan ina ganin komai.

Shi kuma dogo ne, kamar sandar shanya, da tawul ɗaure a ka. Tukwane goma sha biyu a gabansa, kowace da murfin katako. Ya ɗago ya ce barka da zuwa, sai ludayi ya suɓuce masa. Na rubuta a raina: hannu ba ƙarfi.

Na nemi mai kaza da laimar kwaɗi, da murya mai kauri wadda ba tawa ba. Tsohuwar ta ce sai na jira rabin awa, don sai an nema ake ɗorawa. Rabin awa! A gida da na gyara injin feshi na dawo.

Abin da na lura: bai ɗebi tawa shinkafar daga babban mazubin da yake ɗebar ta kowa ba. Ya shiga ciki ya fito da wata a kwano. Na ce a raina, to, ga shi nan. Ya ga ɗan ƙauye, ya ɗebo masa ta bara.

Wani abu kuma, tunda littafina ne ba mai gani: ba ya duba agogo. Kunne yake karawa kusa da tukunya, ya saurara, ya rage wutar wannan, ya ƙara ta waccan. Mahaifiyata haka take yi. Wannan ba yabo ba ne, lura ce.

Tukunya ta iso a cikin mazauninta na katako. Na kai hannu zan buɗe, tsohuwar ta dafe murfin da yatsa ɗaya.

"Baƙo, a bar ta ta huta minti uku. Ba guduwa za ta yi ba."

Ni ake koya wa shinkafa! Na haɗiye. Da minti ukun suka cika na ɗaga murfi, tururi ya rufe tabarau, na daina ganin komai. Na lalubi ludayin katako, na lalubo hannun mutumin da ke kusa da ni. Dole na cire tabarau. Sannan na tuna ba a cin abinci da takunkumi. Na cire shi ma. Saura hula.

Tsohuwar ta ce in ɗebi ta tsakiya a kwano, in mayar da murfi, ta gefe ta ci gaba da kamawa ta yi ƙanzo. Na yi yadda ta ce, don kada a gane ni.

Loma ta farko ta ƙona mini harshe. Ta biyu...

To. Kazar ta yi laushi. Romon ya shiga kowace ƙwaya amma bai kashe ta ba, kowace tana tsaye da ƙafarta. Na ce bari in ƙara don in gano inda laifin yake. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Da na isa ƙanzon, ja-ja, mai ƙamshi, na kankare tukunyar har mutumin kusa da ni ya juyo yana kallo. Bincike ne. Mai bincike ba ya barin saura.

Tsohuwar ta kawo shayi ta ce, "Yaya baƙo ya ji ta?"

Dogon ya tsaya da ludayi a hannu. Na ga in na ce ta yi daɗi, na yi asarar kuɗin jirgi. Kuma gaskiya akwai abin da harshena ya kama can ƙasan romon. Sai na gyara zama.

Na ce, "Girki ba laifi. Amma shinkafar nan, uwar gida, ku canza mai kawo muku. Cikinta alli ne. Zafi ya dake ta a gona, mai gonar bai iya riƙe mata ruwa ba. Duk wanda ya noma wannan bai san aikinsa ba. Malalaci ne, ko kuma tsufa ya kama shi."

Kunnuwan dogon suka yi ja. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa kanta, ya ce, "Na gode da wannan ilimi." Tsohuwar ta rufe fuska da tire, kafaɗunta suna rawa. Kuka take yi, baiwar Allah. Na ɗan ji ba daɗi, amma gaskiya ɗaya ce.

Na fito da kaina a sama. An yi ruwa kuwa.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Chizuru ta bugo da sassafe. Ba gaisuwa.

"Baba, jiya ina ka je?"

Na ce Nagaoka.

"Da hular ƙungiyar manoma mai sunan garinmu a goshi?"

Ban duba hular ba. Wa yake duba hularsa?

"Kuma Mama ta bugo musu tun ƙarfe takwas ta ce kana hanya, su yi haƙuri da kai."

Na juya. Sumie tana yanka kabeji kamar ba a duniyar take ba.

"Wataru bai taɓa karkarwa a gaban murhu ba sai jiya. Ya ce ba zai ba ka shinkafar wani ba, rashin kunya ne. Ya aiko aka karɓi buhun da ka turo mini makon jiya. Da ita ya dafa maka."

Na ce wane buhu?

"Naka, Baba. Shinkafarka ce."

Ban san me ta ce bayan wannan ba. Na dai ji tana cewa uwarsa ba kuka take yi ba, dariya ce, har sai da ta shiga ciki ta zauna a kan buhun albasa.

Na ce an rina ta da miya, ko wanda ya haife ta ba zai gane ta ba. Sumie ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Ai kai ka haife ta."

Juma'a, 13 ga Oktoba

Ban fita ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na fita sayen man inji. Hoshino, maƙwabcin gonata, wanda tun muna firamare yake jiran rana irin wannan, ya tsayar da motarsa a tsakiyar hanya ya sauke gilashi.

"Tetsuo! An ce akwai wani manomi a kwarin nan da bai san aikinsa ba. Ka san shi? Ina so in kai masa gudunmawa."

Na ce ya matsa ya ba ni hanya.

"Malalaci ne, ko tsufa ne? Ba a tantance ba, in ji matata."

Sumie ta rantse mutum ɗaya ta gaya wa. Ta zaɓi mutum ɗayan da kyau.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na zaga gona ta sama. Ba abin yi a can, kututture ne kawai da hankaki.

Abin da ke ci mini rai ba dariyar Hoshino ba ce. Abin da na faɗa a Asakusa gaskiya ne. Allin yana nan, harshena bai yi ƙarya ba. A watan Agusta akwai kwana huɗu da ƙugu ya kwantar da ni, ban hau na duba ruwa ba, na ce gobe. Da baƙo ne ya gaya mini haka da na kore shi da fartanya. Sai ga shi na biya kuɗin jirgi na je har Tokyo na gaya wa kaina, a gaban mutane.

Na biyu kuma: a gida shinkafar bana caɓewa take yi. Sumie ba ta cewa komai, ni ma ba na cewa. A tukunyar dogon nan ba ta caɓe ba. Me ya yi mata?

Na daɗe ina sa ran Chizuru za ta dawo da wanda zai karɓi gonakin nan. Ban taɓa gaya mata ba. Ina jin ta sani, shi ya sa ta kai wata biyar tana ɓoye shi.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Chizuru da Wataru za su zo ranar ashirin da takwas. Sumie ta sa na canza takardar da ake liƙa wa ƙofofin falo a jikin katakonsu, duka huɗu. Na ce ba sarki ne zai zo ba. Ta ce, "Mutumin da ka zaga a gaban uwarsa ne zai zo."

Ban zage shi ba. Kaina na zaga. Wannan ma ba a bar mini ba.

Asabar, 28 ga Oktoba

Sun iso da hantsi. Ya sa kwat, ya fi kama da mai zuwa jana'iza. Ya buga kai a saman ƙofa, ya ba ƙofar haƙuri.

Ya durƙusa a tabarma ya zauna a kan dugadugansa, ya tura kwalin alewa gabana da hannu biyu. Sumie ta ce ya saki ƙafa ya zauna daidai, ya ce a'a, haka ya fi masa daɗi. Ƙarya. Ya fara jawabin da ya haddace, ya kai wajen "zan kula da ita iyakar raina", sai ya ce, "Game da ranar nan kuma, Meguro-san..."

Na ce, "Kada."

Ya ce, "To."

Muka zauna. Agogon bango kawai ake ji. Chizuru tana harara ta, uwarta tana harara ta, kyanwa ma ta shigo ta zauna a gefensu.

Na ce, "Tashi ka dafa mini shinkafa. Fara. Ba kaza, ba miya, ba tarkace."

Ya yunƙura zai tashi, ashe ƙafafun sun mutu. Ya yi taga-taga, ya nemi abin kamawa, hannunsa ya shige ta cikin sabuwar takardar ƙofa har gwiwar hannu. Tawa, wadda na liƙa da kaina. Chizuru ta kwanta a tabarma tana dariya. Shi kuwa yana tsaye da ƙofa a hannu yana ba da haƙuri, ni da ƙofar duka.

A kicin ya zama wani mutum. Ya ƙi tukunyar lantarki, ya nemi tsohuwar tukunyar ƙasa ta mahaifiyata. Na tsaya a kansa. Ya ɗebi shinkafa a tafin hannu ya kai taga ya duba. Ya wanke ta a hankali da yatsu, ba murza ba. Bai jiƙa ta da yawa ba, ruwan ma ya rage.

Na ce ruwan ya yi kaɗan.

Ya ce, "Ta sha wahala bana, Meguro-san. Mai farin ciki irin wannan saurin shan ruwa take yi, kuma in an murje ta sai ta fashe. Lallaɓa ta ake yi." Ya ɗora murfi. "Amma zaƙin yana nan. Na dafa ta wurare da yawa bana, ban samu mai zaƙin wannan ba. Ba don kana tsaye ba."

Na ce don ina tsaye ne. Ya ce, "Kaɗan."

Na ɗiba na kai wa iyayena marigaya a gaban hotunansu tukuna, sannan na zauna. Ɗan gishiri kawai. Ta tsaya, tana sheƙi. Kwano uku na ci. Sumie ta tashi ta shiga kicin ba dalili, ta daɗe.

Na ajiye kwano na ce, "Ka san Chizuru ba ta iya wanke shinkafa ba? 'Yar manomi, amma kamar mai wankin safa."

"Baba!"

Ya ce, "Na sani."

"Ka gani da idonka, kuma ka ce kana so?"

"Eh."

Na ce, "To, matsalarka ce."

Chizuru ta fashe da kuka. Sumie ta fito da ƙananan kofunan da ba a taɓa su sai sabuwar shekara. Ni ban ce na yarda ba. A duba maganata, babu inda na ce haka.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Ya liƙe ƙofar kafin su tafi. A karkace. Na bar ta haka don ta zama shaida.

Talata, 7 ga Nuwamba

Sumie ta tafi asibitin ido. Na ga ragowar kaza a firij, ga laimar kwaɗi da matar Hoshino ta kawo, za su lalace a banza. Don kada a yi asara ne kawai na haɗa su da shinkafa a tukunya ɗaya.

Sama ɗanya, ƙasa gawayi. Na buɗe tagogi duka, na binne shaidar a bayan rumbu.

Na buga wa Wataru waya, tambaya ɗaya, game da wuta. Mun yi minti arba'in. Shi ne mai surutu, yana ta tambaya yaushe ake sakin ruwa a gona, me ya sa ta sama ta fi ta ƙasa zaƙi. Uwarsa ta karɓe wayar ta ce, "A gaishe mana da manomin nan, a ce masa kujerarsa tana nan." Matar nan ba ta da kunya ko kaɗan.

Sumie ta dawo da ido ɗaya a rufe, ta shaƙi iska ta ce, "Nagaoka ka sake zuwa?"

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Kan duwatsu ya yi fari. Saura kaɗan dusar ƙanƙara ta sauko mana.

Chizuru ta ce za su rufe shago kwana uku a sabuwar shekara su zo, har da tsohuwar. Wai yana so ya taya ni sauke ƙanƙara daga rufi. Mutumin da tabarma ta kayar! Zai faɗo ya karya mini itacen lambu.

Na je shagon kayan noma sayen igiya. Na ga takalman roba masu gashi a ciki, irin na shiga ƙanƙara, an karya musu farashi. Na ɗauki guda. Lamba ashirin da takwas. Ni ashirin da biyar nake sawa, amma mutum yana iya ƙara safa.

Sumie ta gan su a bakin ƙofa. Ta ɗaga ɗaya, ta juya ta duba lambar, ta dubi ƙafata, ta ajiye shi a hankali kusa da ɗan'uwansa.

Ba ta ce komai ba. Gara da ba ta ce ba.